Yadda Ɗan Kasuwa Zai Karɓi Diyyarsa Daga Kamfanin Inshora Bayan Gobara, Ambaliya Ko Kutse

Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016. Kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone a Fabrairun 2023, kafin 'yan kasuwar garin su gama farfaɗowa kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shiga shaguna da ɗakunan ajiya. Bayan kowace irin wannan masifa ana zuwa jaje, a kafa kwamiti, a raba tallafin da bai kai ko kusa da asarar ba. Yawancin 'yan kasuwarmu ba su da inshora. Waɗanda suke da ita kuwa, galibi banki ne ya gindaya musu sharaɗin yin ta lokacin karɓar bashi, kuma abin da ya fi damuna shi ne su ma sukan tashi da abin da bai taka kara ya karya ba, don ba su san hanyar neman haƙƙinsu ba. Kamfanin inshora hujja yake biya. Abin da ka iya nunawa a takarda da hoto, shi za a lissafa maka.

Mataki na farko: sanar da kamfani tun a ranar

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Da zarar an tabbatar rayuka sun tsira, kira kamfanin ko dillalin da ya yi maka inshorar, sannan ka bi kiran da rubutu: imel ko wasiƙar da za a buga wa hatimin karɓa a kan kwafinka. Sa lambar yarjejeniyarka, ranar da abin ya faru, wurin, da abin da ya auku a taƙaice. Kada ka faɗi adadin asara tukuna, ka ce cikakken lissafi na tafe. Kowace yarjejeniya tana da wa'adin sanarwa, kuma jinkiri na cikin dalilan da aka fi kafa hujja da su a ƙi biya.

Mataki na biyu: hoto kafin shara

Zuciya za ta so a share wurin a huta da ganinsa. Daure. Ɗauki bidiyo tun daga ƙofar shago har ƙurya, ka nuna lambar shagon, ka matso kusa da dilolin atamfa da suka babbake, da katan-katan da suka jiƙe, da layin laka a jikin bango wanda ke nuna inda ruwa ya tsaya. Kada a zubar da komai sai wakilin kamfani ya gani ya kuma amince a rubuce. Amma abin da za a iya ceta, a cece shi: a kwashe kayan da suka tsira zuwa busasshen wuri, a rufe rufin da ya yaye, a sa mai gadi. Yarjejeniya ta ɗora maka nauyin rage asara, don haka ka ajiye rasit ɗin duk abin da ka kashe a wannan aiki.

Mataki na uku: rahoton hukuma

In gobara ce, karɓi rahoton hukumar kashe gobara. In an yi sata ko fasa shago, rahoton 'yan sanda. In ambaliya ce, wasiƙar hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ta ƙungiyar 'yan kasuwa suna ƙarfafa maganarka. Duba da kyau cewa sunanka da lambar shagonka sun fito daidai.

Mataki na huɗu: zauna ka karanta yarjejeniyar

In Turancin ya yi nauyi, nemi lauya ko dillalin ya bi ta da kai layi-layi. Da farko ka tabbatar kuɗin shekarar nan an biya, domin a dokar Najeriya wanda bai biya ba ba shi da kariya, ko da shekara goma ya yi yana biya a baya. Sai ka ga me aka rufe. Inshorar gobara zalla ta tsaya ga wuta da tsawa da wasu nau'o'in fashewa. Ambaliya da guguwa da tarzoma sai in an ƙara su a matsayin haɗurra na musamman. Tsabar kuɗin da ke cikin durowa yawanci ba sa ciki, haka ma kayan da ɓata-gari suka kwashe ana tsakiyar kashe wuta. Duba kuma adireshin da aka rubuta: in shago aka yi wa inshora alhali kayan suna sito a wata unguwa, da wuya a biya. In banki ne ya sa aka yi ta, sunansa na kan takardar, kuma shi zai fara ɗaukar bashinsa daga diyyar.

Mataki na biyar: sake gina lissafinka

A nan ake cin nasara ko a faɗi. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa yakan riƙe lissafinsa a littafi guda, littafin kuma yana cikin shagon da ya ƙone. Wannan bai rufe ƙofa ba, domin kowane ciniki yana da ɓangare biyu, ɗaya ɓangaren kuma bai ƙone ba.

Je banki ka karɓi bayanan asusunka na aƙalla shekara guda, tare da na na'urar POS. Tuntuɓi waɗanda kake sari a wurinsu, na Legas ne ko Dubai ko Sin, su sake turo maka kwafin takardun sayayya. In kai kake shigo da kaya, wakilinka na kwastan yana da takardun fito. Masu motocin da suke kawo maka kaya suna da nasu rajistar. Hirarrakinka na WhatsApp da masu kaya, da hotunan da ka riƙa tura wa kwastomomi, su ma hujja ce, kada ka goge ko ɗaya. Da waɗannan akanta zai iya fitar da abin da ya shigo, ya cire abin da aka sayar, ragowar shi ne abin da ke shago a daren.

Ka sa farashin sari a lissafin, domin a kansa ake biya, ba a kan farashin sayarwa ba. Kuma don Allah kada ka ƙara ko dila ɗaya. Wasu za su ba ka shawarar ka kumbura adadi tunda kamfani zai rage. Baya ga haramcinsa, in aka kama ƙarya a layi guda, kamfani na da ikon soke buƙatar gaba ɗaya.

Mataki na shida: ranar mai kimanta asara

Kamfani zai turo ƙwararre ya auna ɓarnar. Ka karɓe shi da mutunci, ka kasance a wurin da kanka, ka ba shi kwafi ka riƙe na asali. Amma ka sani kamfanin ne ya ɗauke shi kuma shi ke biyansa. In asarar babba ce, kana da damar ɗaukar naka ƙwararren ya tsaya maka.

Abin da zai fara dubawa shi ne ko kuɗin da ka yi inshora a kansu sun kai darajar kayan. A ce kayan shagonka na naira miliyan 40 ne, ka yi inshorar miliyan 20, wuta ta ci na miliyan 10. Kai kana jiran miliyan 10, shi kuwa zai ce rabin daraja ka rufe, don haka rabin asara za a biya: miliyan 5, a kuma cire kason farko da yarjejeniya ta ce kai za ka ɗauka. Wannan sharaɗi ya zama babban tarko tun da darajar naira ta faɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda yake sabunta inshorarsa a kan tsohon adadi, kariyarsa ta zaizaye bai sani ba. Bayan gobara ba abin da za a iya yi a kan wannan, gyaransa ranar sabuntawa ne.

Tambayi kuma ko kana da inshorar tsayawar kasuwanci. Ita ke biyan ribar da ka rasa, da haya da albashin yara, na tsawon lokacin da aka ƙayyade shago yana rufe.

In kutse aka yi maka

Inshorar gobara ko ta sata ba ta rufe kutsen intanet, sai da yarjejeniya ta daban. Kira banki nan take a toshe asusu a bi sawun kuɗin. Cire kwamfutocin daga intanet amma kada a goge su, domin shaidar tana ciki. Kada ka biya masu kutsen kuɗin fansa, kuma kada ka ɗauko mai gyara, kafin ka ji ta bakin kamfanin inshora. In bayanan kwastomomi sun fita ta yadda zai iya cutar da su, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka awa 72 ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Mataki na ƙarshe: kafin ka sa hannu

Kamfani zai kawo tayi da takardar sallama. Sa hannunka a kanta yana nufin ka yarda magana ta ƙare. Nemi a ba ka lissafin dalla-dalla, duk inda aka zaftare a nuna maka sakin layin da ya ba da dama. In an amince da wani ɓangare ana jayayya a kan saura, roƙi a fara biyan wanda aka amince, ka samu na sake sari. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan takardar sallama, sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 kuma ta ƙara matsa wa kamfanoni a kan biya da wuri.

In an ƙi biya, a ba ka dalilin a rubuce. Ka fara da sashen koke na kamfanin, in bai yi ba ka kai ƙara hukumar NAICOM mai kula da inshora, tare da kwafin duk wasiƙun da kuka yi. Sulhu ta hannun mai shiga tsakani ko kotu suna nan bayan haka. Wanda yake tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, irin na kamfanonin Noor ko Jaiz, matakan duk ɗaya ne, kuma su ma a ƙarƙashin NAICOM suke.