Keken lantarki: inda masu haɗawa suke tafka kuskure wajen sayen inji da kwantirola

Rabin kekunan da ake turo mini nan rumfata a Garwa, ba injinsu ne ya mutu ba. Kayan ne aka tsinto daban-daban, inji daga wannan, batir daga wancan, kwantirola, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir, daga wani mai shago da ya ce “duk ɗaya ne”. Ba ɗaya ba ne.

Kuskuren farko shi ne bin babbar lamba. Mutum ya zo ya ce sai inji mai wat 1000, alhali kekensa tsoho ne mai siririn ƙarfe. In yawon gari za ka yi, daga Rumde Ajiya zuwa kasuwa ka dawo, wat 250 ko 350 ya ishe ka. Mai ɗaukar jarkokin ruwa ko buhun albasa shi ne zai duba wat 500. Kuma injin da ke zama a tsakiyar taya iri biyu ne. Mai giya a ciki ƙarami ne, ba nauyi, yana da ƙarfin tashi, in caji ya ƙare ka tuƙa da feda ba ya riƙe ka. Marar giya babba ne, yana jure gudu da daɗewa, amma a yashi ko hawa yana shan wuta yana zafi. Ga hanyoyin unguwanninmu, ni mai giya nake zaɓa.

Inda aka fi asarar kuɗi kuwa wajen bolt ne, wato ma'aunin ƙarfin wutar batir. Batir mai bolt 36, in ya cika yana kai 42. Mai 48 yana kai 54.6. Ka haɗa batir 48 da kwantirolar da aka yi don 36 kaɗai, kana iya jin “fat”, sai ƙauri. Ka juya abin, batir 36 a kan kwantirolar 48, keke zai ɗan motsa ya tsaya ko ya ƙi tashi sam, domin kwantirolar tana yanke wuta da zarar ta sauko kusa da bolt 41, ita a ganinta caji ya ƙare. Sai ka ga mutum yana zagin batir mai lafiya. Karanta takardar da ke manne jikin kowanne kafin ka miƙa sefa ko ɗaya. Cajar ma haka.

Bayan bolt sai amfa, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya. Lissafin ba wuya: bolt sau amfa shi ne wat. Kwantirola mai amfa 20 a kan batir 48 tana iya zuƙar wat 960, ko da an rubuta 500 a jikin inji. Cikin batir akwai ɗan allon da ke tsaronsa, in shi amfa 15 kawai ya yarda ta fita, kana murɗa totur a kan hawa sai wuta ta ɗauke ɗif. Maganinsa, amfar kwantirola kada ta wuce abin da batir zai iya bayarwa.

Watan Afrilun bara wani dattijo mai sayar da goro ya turo kekensa da tsakar rana. Na kwance jakar da ke ƙarƙashin sirdi, na tarar da kwantirolar naɗe cikin leda uku, an ɗaure da roba tamau.

“Baba, wa ya yi wannan?”

“Ni ne, ɗana. Saboda ƙura.”

Ledar ciki ta narke ta manne. Wancan gidan alminiyon mai layi-layi na kwantirola don iska ta sanyaya shi aka yi shi, a garin da zafi ke wuce digiri 40 kuwa rufe shi kisa ne. Ɗaure ta a fili jikin ƙarfen keke, bakin wayoyin ya kalli ƙasa don ruwan damina, mahaɗan wayoyin kaɗai za ka naɗe da salatif.

Wayoyi ma suna da tarkonsu. Manya uku ne ke shiga inji, rawaya da kore da shuɗi, sai ƙanana biyar na na'urar da ke gaya wa kwantirola inda inji yake a juyawarsa. In kamfani ba ɗaya ba ne, launi ba lallai ya dace da launi ba. Idan taya tana gurnani, tana karkarwa ko ta juya baya, saki totur nan take. Ɗaga tayar sama, ka riƙa sauya wayoyin kana gwadawa a hankali har ta yi sumul. Wanda bai son wannan wahala, ya sayi inji da kwantirola a kwali ɗaya.

Auna kekenka tun kafin saye: faɗin wurin zaman taya galibi milimita 100 ne a gaba, 135 a baya. Inji mai ƙarfi yana murɗa shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke tsakiyar taya, har ya buɗe bakin ƙarfen da ke riƙe da shi, ya tsinke waya, wani lokaci tayar ta fita. Sa masa ɗan ƙarfen riƙo mai kauri, kowane mai walda zai yanka maka. A ƙafar gaba ta alminiyon kuwa, ni ba na ɗaura inji ko an roƙe ni.

Sai wayar birki mai yanke wa inji wuta, wadda yara suke jefarwa wai ba ta da amfani. Ranar da ƙura ta sa totur ya maƙale kana gangarowa gadar Binuwai, ita ce za ta kashe injin da zarar ka kama birki. Minti biyar ne haɗa ta.