Kurakuran da aka fi tafkawa wajen haɗa dashbod mai taswira, da yadda za a gyara su

Yanzu kusan duk ƙungiyar da ke aiki a ƙauyukan Jigawa da Kano sai ka ji oga yana cewa shi fa dashbod yake so, wanda zai buɗe kwamfuta da safe ya ga taswira da ɗigo ja da kore ya san abin da ke faruwa a fili. Masu gyaran famfon tuƙa-tuƙa suna so, masu rabon taki suna so, har masu kai magani ƙananan asibitoci. Abu ne mai kyau wallahi, kuma kayan aikin ma yawancinsu kyauta ne, KoboToolbox ko ODK na tattara bayanai, QGIS na taswira, Looker Studio ko Power BI na nunawa. Amma da yawa daga cikin waɗanda ake haɗawa ba sa kai wata shida ana buɗe su, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne. Zan riƙa misali da ƙungiyar gyaran famfo saboda shi ne kowa zai gane, in naka aikin daban ne sai ka juya shi.

Babban kuskuren tun kafin a taɓa kwamfuta ake yinsa, wato a fara da zane ba a san tambayar da ake son ya amsa ba. Sai ka ga an cika allo da taswira da zane-zane goma sha, adadin famfuna, adadin mata da maza, kuɗin da aka kashe bara, komai da komai, amma ka tambayi mai kula da makanikai "yau ina za a tura su?" sai ya ɗauki waya ya fara kiran mutane. To me aka yi kenan? Dashbod na aikin yau da kullum tambaya biyu zuwa uku kawai ya kamata ya amsa: wane famfo ne ya lalace, kwana nawa ya yi a haka, waye ya fi kusa da shi. Ka zauna da wanda ke raba aiki da safe ka ji abin da yake yanke hukunci a kai, shi za ka sa a gaba. Sauran abubuwan na rahoton ƙarshen wata ne, a buɗe musu shafi daban, baƙi in sun zo daga Abuja su kalla a can.

Sai maganar sunayen garuruwa, a nan ne ake shan wahala sosai. Ana barin ma'aikaci ya rubuta sunan gari da hannu a fom ɗin da yake cikewa a waya, wannan ya rubuta Birnin Kudu, wancan B/Kudu, wani Birninkudu a haɗe, kwamfuta kuwa ta ɗauke su garuruwa uku ne. Haka Malam Madori da Mallam Madori, Kiri Kasamma da Kirikasamma, K/Hausa da Kafin Hausa. Mafi muni kuma a ce manhaja ta nemo wurin da kanta daga suna, ka rubuta Garki kana nufin ta Jigawa ta kai maka ɗigo Abuja, ka rubuta Tudun Wada ba ta san ko ƙaramar hukumar kake nufi ba ko unguwar cikin Kano ko ta Zariya, ballantana Sabon Gari da kusan kowace gunduma tana da nata. Gyaran bai da wuya. Kar a bar kowa ya rubuta suna, a yi jerin zaɓi mai bin juna, ya zaɓi ƙaramar hukuma, fom ya fito masa da mazaɓun cikinta kawai, ya zaɓi mazaɓa, ya fito da ƙauyukanta. Jigawa ƙananan hukumomi 27 ne, Kano 44, aikin yini ɗaya ne a tsara wannan jerin. GRID3, wani shiri na tattara bayanan taswira, suna da bayanan iyakokin mazaɓu da sunayen ƙauyukan Najeriya da ake saukewa kyauta, ka fara da nasu, amma kar ka ɗauka sun cika, ka kai jerin wurin dagaci da masu unguwanni su duba, su ne za su ce maka ai rugar nan ta tashi tun bara, wancan ƙauyen kuma suna biyu gare shi, na takarda daban wanda mutane ke kira daban. Ka ajiye duka biyun. Lokacin yaƙi da shan inna haka aka gano ƙananan ƙauyuka da yawa da babu su a taswirar da ake zanawa da hannu, sai da aka haɗa hoton tauraron ɗan'adam da sanin mutanen gari, kuma aikin ya taimaka har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin nau'in ƙwayar cutar, wanda ake kira wild polio, a watan Agustan 2020.

Lambobin GPS su ma suna da nasu rikicin. GPS ba ya buƙatar data ko sabis, da tauraro yake magana, amma yana buƙatar sararin sama da ɗan haƙuri. Ma'aikaci rana ta dame shi ya shige shagon mai shayi mai rufin kwano ya danna, ko ya danna da sauri kafin waya ta nutsu, sai ɗigo ya faɗa gonar wani can nesa. Kobo da ODK duk suna ajiye lambar da ke nuna kuskuren mita nawa ne a kowane ɗigo, mutane ne kawai ba sa dubawa. Ka sa sharaɗi a fom kar ya karɓa in ya wuce mita 10 ko 15, ka koya wa ma'aikata su tsaya a kan dakalin famfon su jira lambar ta sauko.

Akwai kuma kuskuren da a ofis ake yinsa ba a fili ba. GPS lamba biyu yake ba kowane wuri, latitud na kudu da arewa, longitud na gabas da yamma, Kano tana wajen digiri 12 a latitud, 8.5 a longitud. In wani ya juya ginshiƙan biyu a Excel, ko manhajar tana son longitud a farko kai ka ba ta latitud, duk ɗigonka sai su tattara su koma kudancin Adamawa wajen Ganye. In kuma ka ga ɗigo a tsakiyar teku ƙasan Ghana, wannan gurbin babu komai ne aka cike shi da 0 da 0. Wani kuma don "tsafta" sai ya rage lambobin bayan ɗigo ya bar biyu, alhali digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, lamba biyu kenan kuskuren zai iya kaiwa ɗaruruwan mitoci, famfunan ƙauye guda sai su hau kan juna. A bar lamba 5 ko 6 yadda waya ta bayar. Sannan in an kawo maka tsohuwar taswira daga ma'aikata ka ga ta ɗan goce daga ɗigonka, duba tsarin da aka zana ta da shi, tsofaffin taswirorin ƙasar nan da yawa a kan tsarin awo da ake kira Minna suke, waya kuwa tsarin WGS84 take bayarwa, QGIS zai daidaita su in ka gaya masa gaskiyar kowanne.

Wani abin da ke ɓata taswira cikin wata biyu shi ne rashin ba kowane famfo lambarsa. Duk zuwan da makanike ya yi sai ya ɗauki sabon GPS, sai famfo ɗaya ya zama ɗigo bakwai, uku ja huɗu kore, ba ka san wanne za ka yarda da shi ba. A yi rajista sau ɗaya tak, a ba shi lamba, a rubuta ta da fenti a jikin dakalin inda kowa zai gani, daga nan duk ziyara lambar kawai za a zaɓa, dashbod kuma ya nuna ziyarar ƙarshe. Amfaninsa ma har ga mutanen gari, mai unguwa zai iya bugo waya ya ce lamba kaza ta tsaya, ba sai an yi ta kwatancen na bayan masallaci ne ko na kusa da makabarta ba.

Wanda ya fi ci min rai kuwa shi ne koren ɗigon ƙarya. An je ƙauye a watan Janairu famfo na aiki aka sa kore, babu wanda ya sake komawa, ga shi an shiga Afrilu zafi ya tsananta, famfon ya yi sati shida a mace, mata da yara na tafiya mai nisa da jarkoki ko suna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, amma a allon oga yana nan kore shar, har ana nuna wa baƙi. Kore ba ya nufin yana aiki, yana nufin yana aiki ranar da aka gan shi. Don Allah duk mai haɗa irin wannan abu ya sa launi na uku, ruwan toka, duk wurin da aka yi kwana 30 ba a ji labarinsa ba ya koma toka da kansa, kuma in an taɓa ɗigo abu na farko da zai fito shi ne ranar da aka je. A saman allon ma a rubuta ranar da bayanai suka shigo na ƙarshe da manyan baƙaƙe. Farkon yin haka oga ba zai ji daɗi ba don zai ga rabin taswirarsa ta zama toka, to gaskiyar kenan, da ma can ba ku san halin da wuraren suke ciki ba. Kuma kar a dogara da launi kaɗai, akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore sosai, ga kuma in aka buga a takarda baƙi da fari duk ɗaya suke zama, a sa wa lalatacce alama daban.

Kusa da wannan akwai rikicin kwanan wata. Ma'aikaci ya cike fom Litinin da Talata da Laraba a ƙauyen da babu netwok, sai Alhamis da ya shigo Maigatari cin kasuwa ya samu sabis ya tura duka, dashbod kuwa da ranar turawa yake lissafi, sai ya nuna bawan Allah ya kwana uku bai yi komai ba. A kira shi a yi masa faɗa a banza. A yi lissafi da ranar da aka cike fom, tana nan a cikin bayanan.

Daga nan ne ma ake faɗawa wani ramin, a mayar da taswirar sandar dukan ma'aikata, wanda ɗigonsa bai kai ba a yanke masa alawus ba tare da an tambaye shi dalili ba. Da zarar sun gane haka za su fara cika maka ɗigo ta kowace hanya, a tsaya bakin titi a danna, a ba wa ɗan acaɓa waya ya zaga da ita, kai kana murna adadi ya ƙaru. Ka fara tabbatar musu cewa abin na taimakonsu ne, wanda ya kai rahoton famfo na buƙatar roba ko sanda ya ga an aiko masa da kayan a kan lokaci, za ka ga bayanai sun gyaru da kansu. Hoton famfon da lambarsa a jiki ya isa shaida.

Masu son shafa wa ƙaramar hukuma guda launi ɗaya, a kula. A ce Gwaram famfo 40 ne suka lalace cikin 400, wata ƙaramar hukumar kuma 15 cikin 50, in da adadi ka yi launi Gwaram ce za ta yi ja wur alhali ɗayar ce ke cikin matsala. A yi da kaso cikin ɗari, kuma a sauko matakin mazaɓa.

Nisa ma a allo yaudara ne. Ɗigo biyu za ka gansu dab da juna a yankin Auyo ko Miga ko Kafin Hausa, ashe kogi ne a tsakani, da damina sai an zagaya ko a shiga kwale-kwale, kowa ya ga yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi a wannan yanki. Kar ka bar kwamfuta ta raba wa makanikai aiki da miƙaƙƙen layi. Ka sa gurbi a rajista na yadda ake shiga garin da rani da kuma da damina, mota ko mashin ko jirgin ruwa, 'yan acaɓan yankin za su cike maka shi cikin hira ɗaya.

Sai nauyi. An haɗa abu a Kano a kan babbar laftof da intanet mai ƙarfi, an sa hoton tauraro a ƙasa, an zo ƙauye ƙaramar Tecno ko itel ta kasa buɗe shi, data ta ƙare yana ta juyawa. Ka gwada a kan wayar mafi ƙarancin ma'aikacinka, a inda yake aiki. Ka cire hoton tauraro ka sa taswira mara nauyi irin ta OpenStreetMap, kuma kullum da safe wani ya fitar da gajeren jeri, lambar famfo, sunan gari, kwanakin da ya yi a lalace, ya tura guruf ɗin WhatsApp, wanda bai iya karatun boko sosai ba a yi masa saƙon murya.

Kar a sa sunayen mutane da lambobin wayarsu da ɗigon gidajensu a dashbod ɗin da duk mai link zai iya buɗewa, musamman in rabon kuɗi ne ko maganar lafiya, halin tsaron da ake ciki ba sai an faɗa ba, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Na waje ya ga jimilla kawai, cikakken bayanin kuwa mutum biyu ko uku kawai za a bari su gani.

Sannan a duba da imel ɗin waye aka buɗe akawun. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ko wani yaro mai ƙoƙari ya haɗa komai da imel ɗinsa, ya gama shekararsa ya tafi, fasawod ya bi shi, fom ɗin da bayanan shekara guda duk suka maƙale. A buɗe da imel ɗin ƙungiya tun ranar farko, mutum biyu su san yadda ake ƙara sabon ƙauye da gyara ɗigon da ya goce, kuma duk ƙarshen wata a sauke bayanan gaba ɗaya a ajiye a filas da wata kwamfutar daban.