Yadda za ka sa wayarka ta nemo maka 'yan harkarku, daga bakin mai kiwon tantabara a Garwa

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na sa hoton haɗuwarmu ta masu tantabara a sitatus ake ta damuna da tambaya wai ina na samo waɗannan mutane, har wani ƙanena da ke karatu a jami'ar Marwa ya kira ni yana dariya wai yaya ko dai ka shiga Tinder ne da tsufanka. To ba Tinder ba ne, manhajar nan ta neman masoyi, amma in ka duba dabarar ɗaya ce, manhaja ce ke duba abin da kake so ta duba abin da wani yake so sai ta tura ku ga juna, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta, ni ma bakina ya huta.

Abin da ya kamata ka fara ganewa, waya ba boka ba ce. Abubuwa take tarawa a kanka: abin da ka zaɓa da hannunka ranar da ka buɗe akawun, garin da kake, lambobin da ke wayarka in ka ba ta izini, sai kuma babban cikinsu wanda mutane ba sa lura, wato halinka a ciki, bidiyon da ka tsaya ka kalla har ƙarshe, wanda ka wuce da sauri, inda ka yi komen, abin da ka tura wa wani. Daga nan sai ta yi lissafi irin na mai shago, ta ce masu sayen wannan ai galibi suna sayen wancan, bari in nuna masa. Abin da ka ɗura mata shi za ta dawo maka da shi, ba ƙari ba ragi.

Ni kuskuren da na fara yi, da aka jero min abubuwan sha'awa sai na bi na danna kusan duka, ƙwallo, addini, kasuwanci, girki, tafiye-tafiye, har da wani abu da ban san ma'anarsa ba don dai hotonsa ya yi kyau, ina ganin in na zaɓi da yawa zan samu mutane da yawa. Na samu kuwa, tarkace. Wanda ya ce yana son ƙwallo a Garwa ai bai ce komai ba, garin ƙungiyar Coton Sport ne, garin da aka buga wasannin kofin Afirka a filin wasa na Rumde Ajiya a farkon 2022, ko ɗan moto ka tare zai yi maka sharhin ƙwallo har ku isa. Ka matse abin. Kar ka ce kiwo, ka ce tantabara. Kar ka ce ɗinki, ki ce aikin wuyan riga ko ɗinkin hula. Biyu ko uku sun isa, kuma su zama waɗanda in an tashe ka cikin dare za ka iya yin hira a kansu.

Sai maganar wace manhaja. Akwai waɗanda aka ƙera don wannan aikin kaɗai, kamar Meetup da aka fara a Niyok a 2002 don masu sha'awa ɗaya su riƙa haɗuwa ido da ido, da ɓangaren neman abokai da manhajar Bumble ta ƙara a 2016. Suna da kyau amma irin wannan abu kasuwa ne, in ba jama'a ba ya ci. Na taɓa sauke wata irinsu, na cika komai, na sa hoto, ta yi ta juyawa ta juyawa sannan ta kawo min mutum uku, ɗaya a Duwala ɗaya a Yawunde ɗayan kuma rabonsa da leƙowa ya fi shekara, na ce to madalla, na goge ta na samu fili a wayar. A nan arewa ka je inda mutanenmu suke tun asali, wato gurup na Facebook, Telegram da WhatsApp, kuma TikTok ma yana wannan aikin a fakaice.

Ga yadda nake yi. Ka shiga wurin nema na Facebook ka rubuta abinka da yare fiye da ɗaya, don mu nan Allah ya yi mu da baki uku ko huɗu. In ka rubuta "kiwon tantabara" galibi 'yan Kano da Zariya za su fito, masu ilimin abin ne sosai amma farashinsu na naira ne kuma ba za ka je ka ga tsuntsun da idonka ba. In ka rubuta "élevage pigeon Garoua" ko ka sa Maroua ko Ngaoundéré da rubutun Faransanci sai na gida su fara fitowa. Ka gwada da Fillanci, in kana Njamena ka gwada da Larabci. Ka danna ɓangaren gurup, kuma kar yawan membobi ya ruɗe ka, ka duba yaushe aka yi magana ta ƙarshe a ciki kuma in mutum ya yi tambaya ana ba shi amsa ko kuwa talla ce kawai ake zubawa. Gurup mai mutum ɗari biyu da ake hira ya fi mai dubu hamsin da ya zama kufai. Bayan ka shiga sai ka yi mako guda kana horon wayar kamar yadda ake sabar da sabuwar tantabara da gida, duk abin da ya shafi harkarka ka tsaya ka kalla ka yi komen, wanda bai shafe ka ba ka danna ɗigo ukun nan ka ce a daina nuna maka, za ka ga da kanta ta fara kawo maka gurup da mutanen da ba ka ma nema ba. Galibi kuma ainihin hirar ba a Facebook take ƙarewa ba, wani zai jefo link na WhatsApp, shi gurup ɗinsa mutum 1024 yake ɗauka, na Telegram kuwa har 200,000.

Maganar wuri tana da ɗan sarƙaƙiya a wajenmu saboda iyaka. Manhaja ba ruwanta da duwan, wato kwastan na kan iyaka, da'ira kawai take zanawa, in kana Kusuri mutanen Njamena za ta cika maka waya da su tunda kogi ne kawai tsakani, in kana Garwa ka buɗe da'irar da faɗi sai ga 'yan Yola. Ni ban ɗauke shi matsala ba, riba ce ma, sai dai ka tambayi mutum yana ina tun farko kafin ku yi nisa a ciniki. Wajen ba da izinin wuri ka zaɓi lokacin da kake amfani da manhajar kaɗai, kuma wayoyi masu Android 12 zuwa sama suna ba ka damar nuna yankin da kake ba ƙofar gidanku ba, shi za ka zaɓa. Izinin lambobi kuwa ni ba na bayarwa, ban ga dalilin da zai sa don tantabara a kwashe lambar surukata ba.

A furofayil ka rubuta gari, kar ka rubuta kartiye, wato unguwa, ka sa hoton abin da kake yi. Kuma dan Allah in za ka yi wa mutum magana ta farko ka bar wannan "slt" ɗin ko "slm" tsirara sannan ka yi shiru kana jira. Ka yi sallama cikakkiya ka faɗi abin da ya kawo ka. Mutumin da na fi ƙaruwa da shi a harkar nan wani dattijo ne a unguwar Jambutu, ya sa hoton ɗakin tantabarunsa da ya yi da tukwanen ƙasa a jere ƙarƙashin darbejiya, na rubuta masa na ce Baba barka da yamma, na ga tukwanen nan, ni nawa ƙwai biyun da suke yi sai ɗaya ya lalace in zafin watan Maris da Afrilu ya taso, ko tukunyar ce maganin abin? Bai iya dogon rubutu ba sai ya turo murya ta minti huɗu, ana jin kukan tsuntsayen a bayansa, ya ce ɗana kwanon rufin ne ke dafa maka ƙwai, ka sauke su ƙasa inda iska ke bi ka riƙa yayyafa ruwa a ƙasan da rana. Na yi hakan, bayan kwana 18 duka biyun suka ƙyanƙyashe.

Yanzu ga inda aka cuce ni, don kar ku ce daɗi kawai nake faɗa. Wani ya shigo gurup da hotunan wasu farare masu gashi har ƙafa, ya ce yana Gaundare, aure ɗaya sefa dubu goma sha biyar, in tura rabi ta waya zai sa a mota. Hausarsa tsaf, yana ta Alhaji Alhaji ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, wlh daɗin sunan ne ya ci ni. Na tura, na je tasha sau biyu ina tambayar kwali, a na uku lambar ta daina shiga. Ashe hotunan na wani mai kiwo ne a wata ƙasa. Tun daga ranar dokata ɗaya, ka kira ni da bidiyo ka kama tsuntsun a hannunka ka buɗe min fiffikensa, in ka ce rezo, wato netwok, ba kyau to mu jira ya gyaru, ba sauri nake ba. Sannan duk wanda ya ce an turo maka wasu lambobi shida bisa kuskure ko wai na shiga gurup ne ka karanto masa, ɓarawon akawun ne, kar ka bayar ko da sunan amininka ya zo, kuma ka shiga saitin WhatsApp yau ɗin nan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

In hira ta yi daɗi har za a haɗu, a yi da rana a bainar jama'a, bakin kasuwa ko gindin masallaci bayan la'asar, ka gaya wa wani a gida inda za ka. 'Yan'uwa mata ku kam ku nemi gurup na mata zalla wanda admin ke tantancewa da murya, akwai su da yawa na girki da lalle da saƙa, kuma ki tafi da 'yar rakiya. Mai neman aure shi ma ya je inda aka tanada don haka, akwai Muzz ta Musulmi, ya bar mu da tsuntsayenmu. Mai son gyara Faransancinsa ko Turanci ya gwada Tandem ko HelloTalk, can nisa ba ya hana komai.

Saura mega. Gurup uku masu zafi sun isa su cinye maka forfe, wato datar da ka saya, kafin azahar in ka bar bidiyo na sauka da kansa, ka kashe wannan a saiti, in wayarka ƙaramar Itel ce ka sa Facebook Lite. Kuma mutanen da ka ga sun zama naka da gaske ka karɓi lambarsu ka rubuta a takarda, 'yan'uwanmu na Cadi sun ga yadda aka rufe musu shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019, wanda bai da lambar abokinsa sai dai ya yi ta cigiya. Mu tamu takardar tana hannun Baba na Jambutu cikin wata leda, mutum goma sha ɗaya ne a ciki, kuma Lahadin nan ni ne da kawo shayi da dawa kwano ɗaya.