Yadda Ake Amfani da Jiniya Mai Kaurin Amo a Motar Ɗaukar Marasa Lafiya

Direban da ya rufe gilasai, ya kunna na'urar sanyaya mota da rediyo, sau da yawa ba ya jin jiniya sai motar asibiti ta zo daf da shi. Dalili kuwa shi ne jiniyar da aka saba da ita siririn amo gare ta, kuma gilashi da ƙarfen mota suna tare mafi yawansa. Amo mai kauri shi ne yake ratsa su, kamar yadda ake jin dukan tambari ko da an rufe ƙofa. A kan haka ne kamfanin Federal Signal na Amurka ya ƙera jiniya mai kaurin amo mai suna Rumbler, kamfanin Whelen kuma ya ƙera irinta mai suna Howler. Direban da ke gaba yakan ji girgizar amon a sitiyari da kujera, har madubinsa ya riƙa rawa, daga tazarar kimanin mita 60.

Wannan na'ura ba ta maye gurbin tsohuwar jiniya. Sautinta take ɗauka ta kaurara shi, don haka tare suke aiki. A ba ƙwararren mai gyaran wutar mota ya ɗaura lasifikokinta a gaban mota, inda ruwan damina ba zai taru a cikinsu ba, kuma a riƙa duba notinan da suka riƙe su, domin girgiza tana kwance su sannu a hankali.

Inda aikin yake shi ne sanin lokacin dannawa. Wanda ya ɗauko mara lafiya daga Sabon Garin Zariya zuwa Asibitin Koyarwa na Shika, ya kunna ta tun kafin ya shiga cunkoson Kwangila, ba sai ya maƙale tsakanin tireloli ba, domin mai babbar mota yana buƙatar lokaci da fili kafin ya kauce. Rumbler tana kashe kanta bayan kimanin daƙiƙa 8, kuma a ganina wannan ya wadatar. Idan hanya ba ta buɗe ba, sai a sake dannawa.

Sai dai akwai abin da bai kamata direba ya manta ba: kunnen mutum ba ya saurin gane inda amo mai kauri yake fitowa. Na gaba zai ji girgiza, amma yana iya taka birki cikin ruɗani ba tare da ya san ta ina motar take tahowa ba. Saboda haka a bar fitilu da siririyar jiniya a kunne, a rage gudu a kowace mahaɗa, kuma kada a danna ta a bayan ɗan acaɓa mai ɗauke da goyo, wanda dama yana jin jiniya sarai, firgita kuma tana iya kayar da shi.

Amon yana ratsa bangon gidaje ma, don haka da daddare a unguwanni irin su Tudun Wada ko Samaru a taƙaita shi ga mahaɗar da ta cushe, sannan a kashe shi gaba ɗaya kafin a isa ƙofar asibiti.