Kunne ya toshe? Ku ajiye tsinken ashana

Jama'a, don Allah a daina sosa kunne da tsinken ashana, gashin kaza ko tsinken auduga. Ba sa fitar da dauɗa, ƙara cusa ta ciki suke yi, wani ma har ya huda dodon kunne.

Idan toshewa ce kawai, kana jin magana kamar daga cikin rijiya, ka kwanta ta gefe a ɗiga maka man zaitun, ɗigo 2 ko 3, sau 3 a rana, har kwana 5. Dauɗar za ta yi laushi ta fito da kanta.

Amma in akwai zafi, zazzaɓi ko mugunya, kada a zuba komai, balle ruwan albasa. A sha farasitamol, a je wurin likita, musamman in yaro ne.