Darasi na Bakwai: Takin Gwamnati da Sunanka a Takarda

Da zarar an yi ruwan shuka, sai magana ta bazu a kasuwa cewa gwamnati ta kawo taki. Wasu su samu, wasu sai dai labari. Kuɗin da ake rage wa buhun nan daga baitulmalin jama'a yake fitowa, don haka kai manomi kana da haƙƙin sanin inda ya tafi.

A shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, an fara wani tsari a Najeriya. Manomi zai yi rajista, sai saƙo ya shigo wayarsa, ya je wurin dillalin da aka amince da shi ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi, gwamnatin tarayya da ta jiha su cike sauran. An yi haka ne saboda a da taki kan ɓace tsakanin rumbun gwamnati da gona. Amma wanda bai iya karanta saƙon ba, dole ya miƙa wayarsa ga wani, kuma a nan ne aka cuci mutane da dama.

Wani dattijo a ajinmu ya ba mu labarin ranar rabo a garinsu. Ya yi layi tun hantsi har la'asar. Aka kama hannunsa aka dangwala babban yatsansa a tawada, aka ba shi buhun kamfa ɗaya. Da ɗansa ya duba takardar daga baya, an rubuta buhu biyu, kamfa da yuriya. Abin da ya fi ƙona masa rai, ya yi godiya har da durƙusawa.

Saboda haka, kafin ka sa hannu, nemi sunanka da idonka. Duba adadin buhu da kuɗin da aka rubuta a gabansa. Ɗaga buhun ka duba ɗinkinsa, domin cikakken buhu kilo 50 ne. Karɓi rasit ka adana. Sannan ka tambayi malamin gona: "Malam, wannan tallafi ne ko rance?" Tambayar tana da muhimmanci. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne da ake biya bayan girbi, amma manoma da yawa sun ɗauka kyauta ce.

Idan ba a liƙa jerin sunayen waɗanda suka amfana ba, ku nema. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana 7. Wanda bai iya rubutu ba, wani zai iya rubuta masa. Ya fi kyau ku rubuta da sunan ƙungiyarku ta manoma, ku ajiye kwafi.

Aikin aji: A ce buhu ɗaya naira 30,000 ne, gwamnati ta biya rabi. Nawa za ka biya a buhu biyu? Bayan haka, kowa ya rubuta cikakken sunansa sau 3, ya nemo shi a jerin da malam zai rubuta a allo.