Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗinka wa Yarinya Rigar Gimbiya a Gida

Rigar gimbiya ba ta da wahalar ɗinki: sama mai kama jiki, ƙasa mai baza, ɗamara a kugu. Amma sau da yawa za a ga uwa ta kwana uku a kan keke, rigar ta fito tsaf a jikin hanga, ranar Sallah ko ranar bikin rufe makaranta kuma kafin azahar yarinya ta fara kuka tana jan wuyan rigar a cire mata. Yawancin abin da ke jawo haka tun a kasuwa ake yin sa, kafin almakashi ya taɓa yadi.

A kasuwannin Legas irin su Balogun, ko Oshodi, ko Tejuosho ta Yaba, ido kan tafi ne kan satin mai sheƙi da net mai ƙyalƙyali, sai a manta da shafi. Idan an tuna ma, sai a sayi shafin roba mai santsi saboda ya fi araha. Satin da net ɗin da ke kasuwa kusan duk na roba ne, ba sa shan gumi, a Legas kuwa ko iskar ma jiƙe take. Yarinyar da aka fito da ita daga Agege zuwa Obalende cikin danfo, ga cunkoso ga rana, kafin a isa bayanta da hammatarta sun yi ja, washegari ƙurajen zafi su feso. Maganinsa shafin auduga mai laushi, marar nauyi, a sama da ƙasa duka. Ki wanke shi ki shanya kafin ki yanka, domin auduga na tsukewa a wankin farko. Idan ba ki yi haka ba, shafin zai gajarce ya bar satin yana tattarewa a kansa.

Net ma kala-kala ne. Akwai mai tauri, wanda aikinsa ɗaga siket ne kawai, akwai mai laushi da ake sa wa a sama don ado. Ki goga shi a cikin damtsenki a gaban mai shago. Idan ya karce ki, to fatar yaro ba za ta jure ba, sai dai ya zauna a tsakiya, tsakanin shafi da satin. Mai ƙyalƙyalin da aka manna da gam kuwa ki kaɗa shi ki gani. In ya zuba a hannunki, haka zai yi ta zuba a idon yarinya da cikin abincinta.

Sai yawan yadi. Ana yawan sayen net yadi biyu a ɗauka ya isa, rigar ta fito a kwance kamar labule. Ga yarinya 'yar shekara 4 zuwa 5, mai kugu wajen inci 22, lissafin haka yake: kowane falle na net sai ya ninka kugun rigar (inci 24, bayan an ƙara inci 2 na numfashi) sau 3 kafin a tattara, wato wajen inci 72, yadi 2 ke nan. Net mai faɗin inci 60 idan aka raba shi biyu a tsaye zai ba da falle biyu, tunda tsawon siket bai wuce inci 22 zuwa 24 ba. Falle huɗu ke sa riga ta baza sosai, saboda haka yadi 4. Satin yadi ɗaya da rabi ya isa sama da siket na ciki da ɗamara, shafi ma yadi ɗaya da rabi. Ki tambayi faɗin yadin kafin a yanka miki, don ba duka ke kai inci 60 ba.

Wajen awo, babban kuskure shi ne a ɗauki tsohuwar riga a yanka a kanta. Idan tsohuwar mai talewa ce, satin ba ya talewa, sabuwar ba za ta shiga ba. Ki auna yarinyar da kanta, a tsaye, bayan ta ci abinci, domin cikin ƙaramin yaro a ture yake, wani lokaci ma ya fi ƙirji. Ki ƙara inci 2 a ƙirji da kugu don numfashi da wasa, sannan rabin inci a kowane baki don ɗinki. Ki ɗaura mata zare a kugu ki auna daga kafaɗa zuwa zaren. In kin ɗaga layin kugun da inci ɗaya sama da cibiya, ƙasan zai zauna da kyau kuma ba zai danne mata ciki ba. Tsawo kuma a auna da takalmin da za ta sa, a bar inci 2 tsakanin bakin riga da ƙasa. Rigar da ke jan ƙasa a hoto take da kyau. A kan matakalar bene, ko a layin da ruwan damina ya kwanta, faɗuwa ce da caɓi.

Kan yaro babba ne idan aka gwada da jikinsa, ɗan shekara 4 kansa ya kai inci 20. Duk rigar da ba a buɗe mata baya sosai ba, da kokawa za a sa ta. Zif ɗin ya zama inci 10 zuwa 12, ya wuce layin kugu da kamar inci 3, in ba haka ba kugun zai maƙale a kafaɗa. A ɗinka zif a jikin satin da shafi kawai, a bar net a tsage a kansa, domin haƙoran zif suna cin net, kuma sau ɗaya ya ci shi ke nan. Ki sa ɗan ƙyallen shafi a bayan zif don kada ƙarfe ya taɓa fata.

Satin yana da fuska. Idan kika yanka gaba kansa na kallon sama, baya kuma kika juya shi don tattalin yadi, a rana sai su fito kamar kala biyu. Duk sassan su kalli gefe ɗaya. Yana kuma zamewa a kan tebur, don haka ki shimfiɗa tsohon zani a ƙarƙashi, ki kafa fil a cikin rarar ɗinki kaɗai, saboda hudar fil ba ta ɓacewa a satin.

Tattara ita ce inda aka fi shan wahala, kuma nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Masu koyo kan yi layi ɗaya, su ja, zare ya tsinke a tsakiya, su koma farko. Layi biyu ake yi, ɗaya a kwatan inci daga baki, ɗaya a rabin inci, da taku mafi tsawo da keken ke da shi, ba tare da an ɗaure farko ko ƙarshe ba. A bar jelar zare inci 4, a ja zaren ƙasa guda biyu tare, a hankali, ana baza tattarar da yatsa. Kafin ki ja, ki raba net ɗin gida huɗu da alli, ki raba kugun sama gida huɗu, ki haɗa alama da alama. Rashin yin wannan ne ke sa a ga riga ta kumbura a dama ta shafe a hagu. Kada a tattara falle huɗu lokaci guda. Bibbiyu ake yi, sannan a haɗa su da ɗinkin hannu na wucin gadi kafin a kai keke. Idan baƙin keke ne irin Butterfly, yakan tura net cikin ramin allura. Ki sa farar takarda a ƙarƙashi, ki ɗinka da ita, daga baya ki yage. Allura lamba 9 ko 11, sabuwa. Lamba 14 ko 16 da ake ɗinka atamfa da shadda tana jan zaren satin ta bar zane.

Bayan an haɗa sama da ƙasa, a layin kugu akwai tulin bakin net mai kaifi. Nan ne ainihin abin da ke sa yara kuka, kuma nan aka fi bari a buɗe don ba a gani. Ki rage bakin zuwa kwatan inci, ki tura shi sama, ki sauko da shafin sama ki rufe shi ruf da ɗinkin hannu. Haka hammata da wuya. Ki juya rigar ki bi cikinta da bayan hannunki, duk inda ya soke ki a gyara. Bakin net ba ya warwarewa, ba ya buƙatar kalmasa, amma satin na zubar da zare, sai an kai shi wibin, wato ɗinkin rufe baki, wajen tela a unguwa ko an ninka bakin sau biyu.

Ado kuma, ga 'yar ƙasa da shekara 3 a bar duwatsu da ƙananan ƙwallaye gaba ɗaya, don baki suke zuwa. Ga wadda ta fi haka, a ɗinka su da zare, a ɗaure kowane ɗaya daban; na gam suna ɓallewa da zafi da wanki. Kada a sa igiya a wuya. Ɗamara a kafe ta a gefen riga, jelarta kada ta wuce gwiwa. Sannan a sani net na roba yana kama wuta da sauri, ya narke ya manne a fata. Ranar suna ko biki, inda ake girki da itace ko gawayi a tsakar gida, a nisanta yarinyar da murhu, haka kyandir ɗin kek da bututun janareta.

Guga ma ta ci riguna da yawa a daren ƙarshe. Satin a juya shi ta ciki, wuta ƙasa-ƙasa, da ƙyallen auduga a sama, kada a yayyafa ruwa don yana barin tabo. Dutsen gawayi kada ya kusance shi. Net ba a goge shi. A rataye rigar a banɗaki kusa da bokitin ruwan zafi, tururi zai sake ta. Wanki da hannu, ruwan sanyi, ba murɗawa, a shanya a inuwa ta bushe ƙayau. Kada a ƙulle ta a leda, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba lokacin da ruwa ke sauka, domin shafin auduga zai yi fumfuna. Tsohuwar rigar filo ta fi: a huda ƙasanta, a zura kan hanga, a rufe rigar da ita.